Neman shawara: naɗar sautin takun ƙafa a gida don wasan waya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, kuma wata huɗu ke nan ina haɗa wasan waya da manhajar Godot, labarin wani yaro makiyayi da ke bin sawun akuyarsa daga gona har cikin gari. Sautin takunsa ne ya gagare ni. Waɗanda na sauko da su daga intanet duk na takalmi sau-ciki ne a kan katako, ko kusa ba su yi kama da silifa a kan rairayinmu ba. Na gwada naɗa da wayata a tsakar gida, sai iskar hunturu da ƙarar injin niƙa suka danne komai, ga shi ba ni da halin sayen makirufo. Ina neman shawararku.

Amsa daga Gumel: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wayarka za ta wadatar, wurin ne bai dace ba. Ka shiga ɗakin ƙasa mai rufin azara, domin kaurin bangonsa yana tare hayaniyar waje, ba kamar rufin kwano ba da ke mayar da amsa-kuwwa, sannan ka jira har dare ya raba, kafin carar zakara. Ka shimfiɗa tsohon bargo, ka zuba masa yashi mai kaurin yatsa huɗu, ka tsaya a wuri ɗaya kana takawa, dunduniya tukuna sannan yatsu. Kada ka zuba a daro, ƙarfen zai yi amo. Haka masu sana'ar haɗa wa fina-finai sauti suke yi tun zamanin Jack Foley, wanda ya fara ta a kamfanin fina-finai na Universal da ke Amurka a ƙarshen shekarun 1920. Ka ɗora wayar a kan matashi, nisan kamu ɗaya daga ƙafarka, ka kuma rufe layinta don kada kira ya katse ka.

Amsa daga Bichi: Malam ya yi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne, kada ka yarda da taku ɗaya tak, domin kunne yana saurin gane sautin da ake maimaitawa. Ka naɗi takwas zuwa goma a kan kowace irin ƙasa, ka yayyanka su a Audacity, manhajar gyaran sauti wadda kyauta ce, ka adana a tsarin WAV. Godot 4 tana da AudioStreamRandomizer da zai riƙa zaɓo su a cakuɗe. Ka kuma bar daƙiƙa goma na shiru a farko, da su Audacity za ta gane shuuwar da za ta cire.

Amsa daga Haɗeja: Ɗan'uwa, don sautin taku a gona ka barbaɗa busasshen ganyen dawa a kan yashin. Kuma ka bar silifar ta daki dunduniyarka, domin wannan ƙarar ce duk ɗan karkara zai gane.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Ɗakin kakata na azara ne, yau da dare zan roƙe ta aronsa.