Shin doki na maganin ciwon damuwa?

Mai barga: Jama'a, na daɗe ina faɗa. Yaron da ya gagari iyayensa, ka haɗa shi da doki, ya riƙa yi masa wanka, yana zuba masa dusa da harawa, kafin wata uku za ka ga ya natsu. A Amurka har da tsoffin sojojin da yaƙi ya bar wa firgici ake kaiwa wurin dawaki. Ni a wurina doki magani ne.

Ma'aikaciyar jinya: Alhaji, a yi haƙuri, an haɗa abu biyu. Amfaninsa ga jiki daban ne: takun doki yana kaɗa ƙugun mahayi kamar shi ke tafiya da ƙafarsa, shi ya sa ake ɗora yaran da ke da shanyewar gaɓoɓi. Lis Hartel 'yar Denmak, wadda shan-inna ya kama, ta ci lambar azurfa a kan doki a gasar Olamfik ta Helsinki a 1952. Amma a ce yana warkar da ƙwaƙwalwa? A 2014 wasu masana a Amurka sun bi binciken da aka yi a kan haka, suka ce hujjar ba ta da ƙwari.

Mai barga: To abin da na gani da idona fa, 'yata?

Ma'aikaciyar jinya: Ban musa ba, Baba. Sai dai yaron nan ya samu aikin tashi da asuba, ya rabu da abokan banza, ga babba yana lura da shi. Ta yaya za mu san dokin ne?

Tsohon soja: Ku bari in sa baki. Bayan na dawo daga daji na yi watanni ba na barci, ko murfin tukunya ya faɗi sai in zabura. Maƙwabcina ke da doki. Ran da na je masa da zuciya a tashe, sai ya kwantar da kunne, ya ja baya har ƙarshen igiya. Dole na koyi sassauta numfashi kafin in kama ragama. Abin da nake ɓoye wa matata, dabba ta nuna mini shi ƙarara.

Ɗalibi: Yallaɓai, wannan ya zo daidai da binciken Jami'ar Sussex na 2016, cewa doki na bambance fuskar mutum mai fushi da ta mai fara'a. Kuma a tsarin EAGALA, ƙungiyar masu amfani da doki wajen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka kafa a 1999, ba a ma hawa. Daga ƙasa ake komai, da likitan ƙwaƙwalwa da masanin doki a tsaye.

Ma'aikaciyar jinya: Yauwa, da likita a tsaye! Tsorona kada wani ya karanta nan ya ajiye maganin asibiti ya nufi barga. Yallaɓai, kai ka daina ganin likita?

Tsohon soja: A'a, Sista. Duk wata ina zuwa, kuma ina shan magani. Amma barga nake fara biyawa.

Mai barga: Na ji. Duk wanda zai kawo mini yaro, ya fara kai shi asibiti. Turke yana nan, sai dai kada a tsaya ta bayan akawalin, yana harbi.