Wa ya taɓa yin wuni guda a Perugia? Cakulan da hawan gari

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna Roma ni da maigida da yara, muna son mu ware rana ɗaya mu je Perugia saboda masana'antar cakulan. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ku gaya mana yadda kuka tsara wunin. Ina jin tsoron hawan tudu da ƙananan yara.

Ɗalibi a Umbria: Wa alaikumus salam Hajiya. Ina karatun harshen Italiyanci a jami'ar baƙi ta garin, don haka hanyar nan na san ta. Daga Roma jirgin ƙasa zai kai ku cikin awa biyu da rabi ko kusa da haka, amma tashar Fontivegge a ƙasan tudu take, ba cikin tsohon gari ba. Kada ku ce za ku hau da ƙafa. Akwai Minimetrò, ƙananan taragai marasa direba da aka buɗe a 2008, su za su haura da ku har Pincetto, daga nan 'yan taku ne zuwa Corso Vannucci, babban titin tsohon garin. Masana'antar cakulan ɗin kuwa, wato Perugina, tana unguwar San Sisto, wajen gari, sai da bas ko tasi. Ku fara da ita da safe, sannan ku hau gari da rana. Ku yi rajista tun kafin ranar, domin ana shiga ne rukuni-rukuni.

Hajiya Babba: Ƙanwata, ki je hankalinki kwance, mu ma da jikokina muka je. Ƙamshin ne ya fara tare mu tun daga ƙofa. An nuna mana tarihin kamfanin tun kafa shi a 1907, da yadda Luisa Spagnoli ta ƙirƙiro cakulan ɗin da ake kira Baci a 1922 don kada ɓarɓashin ƙwayar hazel ya tafi a banza. Mace ce fa, kuma har yau sunanta na kan shagunan tufafi a Italiya. Wannan ya tsaya mini a rai sosai. Da aka zo ɗanɗano, matar da ke zagayawa da mu ta ce kada a tauna, a bar shi ya narke a kan harshe. Na ɓare takardar azurfar nan mai taurari shuɗaye, ga 'yar siririyar takarda a ciki da kalaman soyayya, ga ƙwayar hazel guda a zaune a samansa. Baƙin cakulan ɗin na waje da ɗan ɗaci, na ciki kuma laushi kamar man shanu. Jikata ta tattara takardun duka ta zuba a jaka.

Abu ɗaya, ki riƙa tambaya. A Italiya ana yawan zuba giya a cikin wasu cakulan masu ruwa a ciki, kuma daga waje ba za ki gane ba. A wani shago a cikin gari mai sayarwar ta haɗa mana kwali ba ta ce komai ba, sai da ɗana ya karanta bayan kwalin muka mayar.

Ɗan Zangon Kumasi: Ni abin da ya dame ni daban ne. Na yi shekaru ina ɗaukar buhunan koko a yankin Ashanti kafin in zo Turai. Fiye da rabin kokon duniya daga Ghana da Kodibuwa yake fitowa, amma manomin da ya shanya shi a rana sau da yawa bai taɓa sa irin wannan cakulan a bakinsa ba. Da na ga kwalayen a jere da farashinsu, jikina ya yi sanyi. Hajiya, idan kun je ki nuna wa yaran hoton ɗan kokon, ki gaya musu daga ina yake zuwa.

Maman Yara: Allah sarki, Malam. In sha Allahu zan gaya musu. To abincin rana fa?

Ɗalibi a Umbria: Akwai torta al testo, gurasa ce da ake gasawa a kan faranti, amma yawanci naman alade ake cusa mata. Ki ce a sa miki cuku da ganye kawai. Kuma kada ku bar garin ba ku bi ta Rocca Paolina ba. Ganuwa ce da Fafaroma Paul na Uku ya gina daga 1540, bayan mutanen garin sun yi masa tawaye kan harajin gishiri, kuma matattakala mai lantarki na ratsa ƙarƙashinta. A kan gidajen mutane ya ɗora ta, titunan unguwar suna nan a ƙasa, ana bi ta cikinsu. Yara na son wurin. Da kun fito sai lambun Carducci, inda ake hango garin Assisi idan gari ya yi garau, sannan ku miƙe zuwa maɓuɓɓugar Fontana Maggiore ta 1278.

Hajiya Babba: Ki duba kuma kada ranarku ta faɗa cikin bikin Eurochocolate na ƙarshen shekara. Cunkoson ba na mai riƙe da hannun yaro ba ne. Ki sa musu takalma masu kama ƙasa, duwatsun titin na da santsi idan an yi ruwa.