Aikin amsa kiran kwastoma: ana fitowa da wani abu kuwa?

Ummi Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama NCE, an ɗauke ni aikin amsa kiran kwastomomin wani kamfanin waya da Hausa a Legas. Ashe ba kamfanin wayar ne zai riƙa biyana ba, kwangila ya ba wani kamfani. Baba ya ce aikin ɗan aike ne kawai. Don Allah, mutum na samun wata ƙwarewa a ciki?

Bashir Fagge:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na taɓa yi. Abin sauraro a kunne, maganar da za ki faɗa a rubuce gabanki, kwamfuta na ƙirga daƙiƙun kowane kira. Wani zai zage ki tas kan katin naira 200, ke kuwa sai "Allah ya huci zuciyarka, ranka ya daɗe." Ko bayan gida sai da izini. Amma saurin buga kwamfuta da iya taƙaita ƙorafi a layi biyu, can na koyo su.

Malam Nura:
Ki dubi ƙasar Filifin. Sama da mutum miliyan 1 ke irin wannan aiki, da yawa cikin dare, saboda lokacin rana ce a Amurka. Wajen 2010 suka wuce Indiya a amsa kira, Indiya kuwa ta fi ƙarfi a rubuta manhaja, aikin da albashinsa ya fi tsoka.

Hajiya Rabi:
'Yata, karɓi abinki. Sai dai kafin ki sa hannu, ki karanta takardar kwangilar: wata nawa ce, akwai fansho? Ranakun hutu kuma ki zauna ki koyi Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta.