Wace irin anga ce ta dace da ƙaramin jirgin kamun kifi?

Sabon Masunci:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu shiga ruwa. Jirgina na faiba ne, tsawonsa mita 5, da inji mai ƙarfin doki 15. A tafki nake kamun kifi da ƙugiya, inda zurfin bai wuce mita 5 ba, ƙasan kuma laka ce. Wani lokaci nakan gangara inda kogi ke shigowa, can kuwa duwatsu ne zalla. Abin da nake tsayar da jirgin da shi dunƙulen siminti ne mai kilo 15 da na zuba a bokiti, na ɗaura masa igiya mita 10. In ruwa na kwance, lafiya lau. Amma da iska ta taso sai in ga bishiyar da na saita a gaɓa ta kama tafiya, ashe ni ne ke tafiya. In ƙara simintin ne, ko in sayi anga ta ƙarfe? In saye ne, wace iri? Bayana ma ya fara ƙorafi.

Tsohon Matuƙi:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, kada ka ƙara ko kilo ɗaya. Siminti in ya shiga ruwa yana rasa kusan kashi 40 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 15 ɗinka ya koma wajen 9 a ƙasa, alhali kai 15 cif kake ɗagowa cikin jirgi. Ga shi ba shi da abin da zai cafki ƙasa, zaune kawai yake a kan laka yana sulɓewa.

Don laka da yashi, nemi irin wadda ake kira Danforth, mai fika biyu masu faɗi da ke lilo a jikin sanda. Mai kilo 3 ko 4 ta ishe ka. Da an ja ta a kwance sai fikokin su nutse, duk yadda iska ta ƙara ja, ƙara shigewa take.

Sai dai fa a kwance na ce, kuma nan ne babbar matsalarka. Igiya mita 10 a zurfin mita 5 sama take jan angar, ko wace iri ka saya tumɓuke ta za ta yi. Ka haɗa zurfin ruwa da tazarar goshin jirgi daga ruwa, a ce mita 5 da rabi, ka ninka sau 5 a rana mai sauƙi, sau 7 in iska ta yi ƙarfi. Ka ga kana bukatar wajen mita 40 a cikin jirgi. Tsakanin angar da igiyar kuma ka sa sarƙa mita 2 ko 3, wadda ba ta tsatsa. Ita ke danne sandar ƙasa, ita ke hana dutse cin igiya. Kuma ba a wurga anga. Saukar da ita ake a hankali, jirgi na ja da baya kana sakin igiya, sannan ka ɗan fizga ka ji ta kama.

Mai Walda:

Abin da Baba ya faɗa haka yake, amma kada ka kai Danforth cikin duwatsun nan. Ko ta ƙi kamawa, ko ta maƙale ka yanke igiya kana ji kana gani. Can sai mai ƙugiya huɗu. Ana iya haɗa ta da guntun bututu da siririn rodi, ta yadda in ta maƙale ka ja da ƙarfi ƙugiyar ta miƙe ta fito, ka sake lanƙwasa ta da hannu. In kuwa ta kanti ce mai kauri, ka ɗaura sarƙar a gindinta, ka kwantar da ita a jikin sandar, ka ɗaure ta a zoben sama da siririn zare. Ranar da ta maƙale, ka zagaya da jirgin ta ɗaya ɓangaren ka ja, zaren ya tsinke, ta fito ta gindi.

Mai Fatsa:

Ni dai ina ganin ninki 7 ya yi yawa ga wanda zai zauna awa ɗaya yana fatsa. Da igiya mai tsawo haka jirgin zai yi ta lilo, ka kasa tsayawa a kan ramin da kifin yake. Ninki 3 na isa in ruwa ya lafa kuma kana farke. Wasu ma anga mai siffar kwano suke sakawa a laka, amma ita ba ta iska ba ce. Igiya kuma ka sayi nailan, milimita 8 ko 10, don tana miƙewa ta shanye fizgar ruwa. Irin mai yawo a saman ruwan nan rana na cinye ta, kuma ba ta da aiki sai naɗewa a farfela.

Sabon Masunci:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Tambaya ɗaya, Baba. Tunda a baya nake zama kusa da inji, zan iya ɗaure igiyar a nan don sauƙin ɗagowa?

Tsohon Matuƙi:

Kul! Bayan jirgi ya fi ko'ina kusa da ruwa, ga nauyin inji, ga naka. In ka ɗaure nan, angar na jan bayan ƙasa, igiyar ruwa na dukansa, kafin ka ankara ruwa ya hau ya cika jirgin. A goshi ake ɗaurewa, kullum. In tashi ne ke ba ka wuya, ka sa zobe mai santsi a goshin, igiyar ta bi ta cikinsa ta iso inda kake zaune, ka riƙa ja daga nan. Ka kuma ajiye wuƙa mai kaifi kusa da hannu, don in ruwan kogin ya ƙaru angar ta ƙi fita, yanke igiyar za ka yi.