Tafiya Yankari a ƙarshen mako: shawarwarin waɗanda suka saba zuwa

Da aka zauna tattauna inda iyali za su je shaƙatawa daga Juma'a zuwa Lahadi, bakin mafi yawa ya zo ɗaya a kan gandun namun daji na Yankari da ke Ƙaramar Hukumar Alƙaleri a Jihar Bauchi.

Kowa ya yarda a yi sammako. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karya kwana a Dindima, kuma ko an shiga ƙofar Mainamaji akwai sauran tafiya cikin daji kafin sansanin Wikki. Saboda haka a cika tanki tun a gari, a duba safaya, kada a bari magariba ta riski mutum a hanya.

An ɗan yi saɓani kan lokaci. Wasu sun fi son hunturu don sanyi, amma masu son ganin giwaye suka ce a bari sai bazara, lokacin da ƙishi ke tara namun daji a bakin kogin Gaji. Ni ma nan na karkata, ko da yake zafin ba wasa ba ne.

Ruwan maɓulɓular Wikki da ke sansanin mai ɗumi ne, wajen digiri 31, garai-garai har ana hango yashin ƙasa. Iyaye mata suka nace kada a ɗauke ido daga yara.

Guzuri kuwa, kilishi da dambun nama da soyayyiyar kaza sun fi jure hanya. A rufe ƙofar ɗaki da gilashin mota, domin gwaggon birin wurin yakan fizge leda daga hannun mutum.