Koci ya ce yaro ba shi da zuciya: ta ina ake gane gaskiya?

Baban Khalifa, Unguwar Rogo, Jos:
Assalamu alaikum masana ƙwallon kwando. Akwai wani yaro ɗan shekara 20 a nan Jos, wannan ce kakarsa ta farko da ake biyansa albashi. Tsayinsa mita 1.98, hannunsa na da kyau wajen jifa, amma cikin minti 40 na wasa bai fi ya samu minti 8 ko 10 a fili ba. Kocin ya faɗa a gaban 'yan wasa cewa ba shi da zuciya, ba ya ƙoƙari. Yaron kuma shi ne farkon zuwa atisaye kullum. To ta ina ake auna ƙoƙari? Kuma kocin da ya yi irin wannan magana, shi wa ke tuhumarsa?

Koci Danladi, Bukuru:
Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Zuwa da wuri ladabi ne, amma ba shi koci ke nufi ba. Abin da yake kallo shi ne me yaro ke yi lokacin da ƙwallo ba ta hannunsa, kuma wannan ƙirga shi ake yi.

A sa wani ya hau saman benen 'yan kallo da waya ya ɗauki wasa ɗaya gaba ɗaya, ta yadda duk filin zai fito. Kada ya bi ƙwallo da kyamara, nan ne yawanci ake ɓata aikin. Sai a zauna da biro da takarda. Duk lokacin da ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, a duba takunsa uku na farko: gudu ya yi zuwa gida, ko ya tsaya yana ɗaga wa alƙalin wasa hannu? Filin mita 28 ne kacal, ɗan wasa mai lafiya zai ƙure shi cikin daƙiƙa 5. Wanda ya tsaya ƙorafi na daƙiƙa 2 ya bar 'yan'uwansa huɗu da mutum biyar.

Sannan duk jifan da aka yi a kwandonsu, ya nemi mutuminsa ya tare shi da baya kafin ya ɗaga kai, ko kuwa ƙwallo ya zuba wa ido? Wannan ya fi komai ba koci haushi, domin a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, idan masu hari suka sake tsintar ƙwallon da ta taɓa ƙarfen kwando, ana ba su sabbin daƙiƙa 14. Kun sha wahalar tsaro na daƙiƙa 24, sakacin mutum ɗaya ya mayar da ku baya. A ƙirga kuma sau nawa ya ɗaga hannu a fuskar mai jifa, sau nawa ya taɓa ƙwallo ko da bai ƙwace ba, da ko yana buɗe baki ya gargaɗi ɗan'uwansa idan an zo kafa masa shinge, wato abokin hamayya ya tsaya masa a hanya don ya raba shi da wanda yake tsarewa.

A minti 10 zai samu damar tsaro wajen 17 ko 18. Idan ya saki biyar daga ciki, kocin na da gaskiya, ko da kalmar da ya zaɓa ba ta yi daɗi ba.

Anti Ladi, mai kula da raunin 'yan wasa, Garki, Abuja:
Koci Danladi, ƙirgenka daidai ne, amma takarda ba za ta gaya maka dalili ba. Lalaci, gajiya da ruɗewa duk kama ɗaya suke yi a bidiyo. Ku duba lokacin da sakacin ke faruwa. Idan minti uku na farko yana da zafi sai ya mutu, matsalar jiki ce. Gwaji mai sauƙi: ya yi gudu a faɗin fili, mita 15, sau 17 ba tsayawa. Ɗan wasan da ke cikin shiri yana gamawa a kusan minti ɗaya. Ya huta minti biyu ya sake. Idan na biyun ya faɗi warwas, a fara da gwajin zazzaɓin cizon sauro da na yawan jini kafin a zarge shi.

A auna nauyinsa kafin atisaye da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, kuma a mayar da lita ɗaya da rabi. Yaro mai kilo 90 da ya zubar da kilo biyu ya riga ya shiga inda ƙafa da tunani ke nauyi. 'Yan Jos sun fi faɗawa wannan tarkon, saboda sanyin gari ba ya sa mutum jin ƙishi, sai an sauko Abuja ko Kano wasa zafi ya kama su. A lokacin hunturu kuma ɗumama jiki na minti biyar bai isa ba, a ba shi 15 zuwa 20.

Maganar jarumta kuwa, nan ake cutar yara. Targaɗen idon sawu idan ya hana mutum taku huɗu, ko ƙashin kansa ke ciwo in an danna, hoto za a je a ɗauka. Ciwon da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, wanda filin siminti ke jawowa, rage tsalle yake so, ƙara masa gudun horo ƙara masa ciwo ne. Wanda ya bugu a kai har ya ga jiri ba ya komawa wasa a ranar, ko wasan ƙarshe ne.

Malam Sani, tsohon alƙalin wasa:
Ɗan'uwa, bari in taɓa rabin tambayarka na biyu, wanda aka fi gudu. Koci na da cikakken iko ya zaunar da kowa a benci. Amma akwai bashin da yaro ke binsa. Ya gaya masa aikinsa a fili ƙarara: wa zai tsare, idan an kafa shinge ya bi ta gaban shingen ne, ta bayansa, ko su yi musanyar waɗanda suke tsarewa. Yaron da bai san wannan ba zai yi jinkirin rabin daƙiƙa, daga benci kuma sai a ga kamar kasala ce. Idan 'yan wasa uku suna kuskure iri ɗaya, to atisayen ne bai koyar ba.

Sai adalci. Idan tauraron ƙungiya ya ƙi komawa gida da gudu aka bar shi, sabon yaro ya yi sau ɗaya aka cire shi, duk benci sun gani. Haka nan cire yaro a kuskuren farko yana koya masa ya guji ƙwallo ne kawai. Gara a ce masa: kana da minti biyar a zango na biyu ko me ya faru, ga abu biyu da nake son gani. Kocin ma yana da nasa lissafin da shugabannin ƙungiya ya kamata su tambaya. An ba shi hutun shawara biyu kafin hutun rabin lokaci da uku bayansa, ya yi amfani da su lokacin da aka zuba musu maki 10 a jere? Ya bar mai laifi uku a fili tun zango na biyu, alhali na biyar ne ke fitar da ɗan wasa?

Koci Danladi, Bukuru:
Malam, na yarda da kai sai a wuri ɗaya. Alkawarin minti ba ya yiwuwa kullum. Kocin da ke fafatawa da ƙungiyoyi irin su Kano Pillars ko Rivers Hoopers, aikinsa na cikin haɗari shi ma. Kuma tsaro ne ke ba sabon yaro minti. Hakeem Olajuwon da ake yabo da iya juyi a gindin kwando, sau biyu ya zama gwarzon mai tsaro na NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 1993 da 1994, kuma har yau ba wanda ya kai shi tare jifa, 3,830. Masu jifa sun yi yawa a kowace ƙungiya, mai tsare mutum minti 10 ba tare da an wuce shi ba ne ake nema.

Baban Khalifa, Unguwar Rogo, Jos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To iyaye su je su samu kocin, ko a bar yaron?

Malam Sani, tsohon alƙalin wasa:
A bar shi ya je da kansa, tunda albashi yake karɓa. Kada ya je ranar wasa ko gaban mutane, ya bari sai washegari bayan atisaye. Kada ya tambayi dalilin zaunar da shi. Ya ce: Koci, wane abu biyu zan gyara? Ya rubuta, ya roƙi mataimakin koci ya riƙa ƙirga masa su na wasa huɗu, sannan ya koma da takardar. Idan alƙaluman sun gyaru kuma har lokacin ba a ba shi amsa ba, ya duba ranar da kwantiraginsa zai ƙare da sharaɗin sakinsa kafin ya yi magana da wata ƙungiya.