Gobe zan je wajen mai turi, wane fim zan ɗora?

Sani Tela: Assalamu alaikum jama'a. Gobe Alhamis zan shiga kasuwar Maigatari, zan biya wajen mai turi, mai tura finafinai a waya. A ba ni shawarar abin da zan ɗora a memori. Amma don Allah kar a maimaita mini irin ta wancan satin. Fim ɗin da kuka cika mini kunne da shi ko rabi ban kai ba na goge.

Habu: Wa'alaikumus salam Yaya Sani. Ni na fi kowa yabonsa, kuma har gobe ina nan a kan bakana.

Sani Tela: A ina ka kalla?

Habu: A shagon caji, daren da muka gama yankan gero. Mun kai mu goma sha biyar, ga shayi, duk inda aka yi abin dariya sai wurin ya kaure.

Malam Isiyaku: To ai ga amsar nan. Habu daren ya yaba. Shi kuwa Sani ya wuni a kan keken ɗinki, baya ya gaji, ya kwanta shi kaɗai da waya mai tsagaggen gilashi, caji yana shirin ƙarewa. Ta ina za su ga abu ɗaya? Ni ma ya faru da ni. Mu da muka taso da gidan kallo, a tayar da janareto, kaset ya cije a zaro shi a goge kan bidiyon, muna zaune a tabarma ba mai motsi. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990, daga nan harkar finafinan Hausa ta kama, kuma komai aka sa mana a lokacin daɗi yake yi. Kwanaki na nemo wani tsohon fim da nake cewa ba a yi kamarsa ba. Sauti yana shiga yana fita, labarin ya ƙare tun a tsakiya, sauran duk waƙa ce. Sai na gane abin da nake kewa shi ne mutanen da muka zauna tare, wasunsu ma sun rasu, Allah ya ji ƙansu.

Habu: Amin, Malam.

Anti Rabi: Ku kun tsaya a kan yabo, ni kushen ne yake damuna. Sau nawa a gidan biki za ka ji mata sun yi wa fim kaca-kaca, kana tambaya sai ka tarar ba wadda ta kalla, labari kawai suka ji a kan jarumar. Aurenta ko shigarta daban, aikin da aka yi daban. Haka aka yi wa marigayi Ibro. Yana raye masu ganin sun waye suna cewa shirme ne, alhali halin mutanen ƙauye da na birni yake fito da shi yadda kowa zai gane kansa. Sai da ya rasu a Disambar 2014 kowa ya dawo yana cewa an yi rashi.

Nura: Gaskiya ne Anti. Sannan Yaya Sani kar yawan masu kallo a YouTube ya ruɗe ka, lambar ba ta nuna wanda ya kai ƙarshe. Za a ɗora kashi mai tsawon awa ɗaya, ko minti biyar ba a yi ba har an cika ƙasa da yabo. Masoyan jarumi ne, yaushe suka kalla? Ko a shafin finafinai na IMDb da ake ba da maki daga 1 zuwa 10 haka ake fama, masoya su danna 10, 'yan adawa su danna 1. Ga kuma waƙa. A sake ta tun kafin fim, ta shiga ran mutane, fim ɗin ya zo ya ci albarkacinta.

Habu: Na Indiya ma ai sau da yawa bakin mai fassara ne yake ɗaga shi.

Sani Tela: Duk na ji, to yanzu me zan ɗora?

Malam Isiyaku: Nemi Kwana Casa'in na Arewa24, zangon farko. Siyasa ce a wata jiha da suka ƙirƙira, Alfawa. Ni kaɗai na kalla, a waya, kuma ya riƙe ni.

Anti Rabi: Ƙara da Daɗin Kowa saboda maiɗakinka. Yana tafiya a hankali, ka ba shi kashi uku kafin ka yanke hukunci.

Habu: Yaya Sani, wancan da ka goge ina da shi. Ka zo shagon caji ran Juma'a bayan isha'i mu sake sawa.

Sani Tela: Zan zo in Allah ya yarda. Nura, memorina giga takwas ne, zai ɗauki kashi nawa?

Nura: Ka ce ya tura maka mai ƙaramin nauyi, a waya ba za ka ga bambanci sosai ba. Kuma ka buɗe biyu ko uku a gabansa ka ji sautin kafin ka biya.